Abin da Ya Sa Faransawa Ke Yawan Yajin Aiki

Mu masu bin labaran duniya a jarida da rediyo, mun saba jin cewa ma'aikatan Faransa sun shiga yajin aiki, har waɗansu kan ɗauka lalaci ne. Amma wanda ya bi tarihinsu zai ga lalle ba haka ba ne.

A cikin 1936 ma'aikata suka zauna cikin masana'antu, suka ƙi aiki, suka kuma ƙi fita. Gwamnatin Leon Blum ta kafa dokar aikin awa 40 a mako, da hutun mako biyu a shekara tare da albashi. Hutun ya zama mako uku a 1956, huɗu a 1969, biyar a 1982 zamanin Mitterrand. A 2000 kuwa aka mai da aikin mako awa 35. Saboda haka Bafaranshe yana ganin hutunsa gādo ne wanda iyayensa suka sha wuya kafin su samu.

Shi ya sa a 2023, da Gwamnatin Macron ta ɗaga shekarun fansho daga 62 zuwa 64, mutane fiye da miliyan ɗaya suka fito kan tituna. Hujjar Gwamnati ita ce tsofaffi suna ƙaruwa, masu zuba kuɗin fansho ba sa isa. Abin da ya ƙara harzuƙa jama'a shi ne an zartar da dokar ba tare da Majalisar Wakilai ta jefa mata ƙuri'a ba. Gyara ko mai hujja ne, in an tsallake shawarar waɗanda ya shafa, da wuya ya zauna lafiya.