Tulun Sin Da Tulun Gwari

Duk wanda ya ji irin kuɗin da attajirai ke zubawa a kasuwannin gwanjo na Landan da Hong Kong domin mallakar tsofaffin tulunan tangaran na ƙasar Sin, sai ya yi tsammani ko aljanu ne suka gina su. Mutane ne, yawancinsu kuwa a gari guda, watau Jingdezhen, inda aka yi ɗaruruwan shekaru ana gina wa sarakunan Sin kaya da wata irin farar ƙasa.

Sau biyu tulun ke shiga wuta. Da fari a shafe shi da ruwan ƙyalli, a gasa da zafin da ya kai digiri 1,300, ya fito fari fat. Sa'an nan masu zane su bi shi da launukan da aka haɗa da garin gilashi, a mai da shi wuta mai sauƙi, kimanin digiri 800, don launin ya kama. A zamanin Sarki Kangxi, daga 1662 zuwa 1722, kore ne ya fi yawa. Da ɗansa Yongzheng ya hau, sai ruwan hoda ya karɓe. Zanen kuwa magana ce. Jemage, wanda Bahaushe ba ya ko son ya shigo masa ɗaki, a wurinsu alamar sa'a ce, domin sunansa da kalmar sa'a lafazinsu ɗaya. Kifi yalwa yake nufi. Dodo mai farce biyar kuwa na fada ne.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wani reshe na wannan ilmi ya sauka a ƙasar Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari. A 1952 wani Baturen Ingila, Michael Cardew, ya buɗe makarantar ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja. Maigidansa, Bernard Leach, a Japan ya koyi sana'ar, saboda haka ruwan ƙyallin da Cardew ya zo da saninsa asalinsa na Gabas mai Nisa ne. A gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya fara ganin tulunan wata maginiya, Ladi Kwali, wadda ta shiga makarantar a 1954, mace ta farko.

Ladi ba ta yar da abin da ta gada ba. Da hannu take ɗaga tulu, tana zagaya shi, sa'an nan ta tsaga masa hoton ƙadangare, da kunama, da kada, da hawainiya, da kifi, kowanne cikin gidansa. Sabon abin shi ne a cika tsagar da farar ƙasa, a lulluɓe da ruwan ƙyalli, a sa a wuta mai tsanani. An nuna aikinta a Landan tun 1958, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba ta digirin girmamawa a 1977.

Amma fa ƙyallin bai zo kyauta ba. Tulun Gwari na asali gumi yake yi, shi ya sa ruwansa ke sanyi. Da aka toshe masa jiki da gilashi sai ya daina, ya kuma yi nauyin da mace ba ta iya kai shi rafi. Ya tashi daga kayan aiki ya koma kayan kallo, kamar ɗan'uwansa na Sin. Masu kallon kuwa yawanci baƙi ne, shi ya sa tulunanta da dama suke ƙasashen waje, har da gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan.

A Ushafa, inda Shugaban Amurka Bill Clinton ya kai ziyara a 2000, mata na ci gaba da gini. Amma a ƙauyukan Gbagyi da birni ya haɗiye, irin su Kuchigoro da ke kan hanyar filin jirgin sama, fili ya zama fuloti, jarka da bokitin roba sun karɓe aikin tulu. Ladi ta rasu a 1984. Tun 2007 hotonta ke bayan takardar naira ashirin, takardar da a 'yan shekarun baya ma da ƙyar take sayen ledar ruwa guda a bakin titin Kuchigoro.