Ranar Gwajin Sabon Matuƙin Jirgin Sama

Direbobinmu na Ikko da Badun sun san fargabar ranar gwajin tuƙi. To, ta jirgin sama ta fi.

Mai neman lasin tuƙa ƙaramin jirgi don kansa, ba haya ba, sai ya cika shekara 17, ya yi aƙalla awa 40 a sama, 10 daga ciki shi kaɗai. Ana koyon wannan a kwalejin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964.

Ran gwaji, mai jarrabawa na zaune gefensa. Ana cikin tafiya kwatsam sai ya rage wutar inji, kamar ya mutu. Nan fa ɗalibi zai zaɓi fili, ya lura da iska, ya nufi sauka ba ruɗewa. Muddin mai jarrabawa ya karɓe tuƙin don gudun haɗari, an faɗi ke nan, sai a koma horo da sabon kuɗi.