Tattalin Muhalli a Gidan Bahaushe: Misali Daga Ƙasar Mabai

1.0 Gabatarwa

Kowane magidanci yana da ɗawainiya iri uku da ba ya rabuwa da su: abin da za a dafa, abin da za a sayo a kasuwa, da kuma ɗakin da za a kwana a ciki. Dukkan ukun nan daga ƙasa suke fitowa, domin itacen girki daga daji yake, hatsi daga gona, tubali kuwa daga kududdufi. A wannan babi za a yi bayanin yadda iyali guda za su iya biyan waɗannan buƙatu ba tare da sun cinye rabon 'ya'yansu da jikokinsu ba. An ɗauki misali daga Mabai, wani gari a ƙaramar hukumar Ƙanƙara, tare da ƙananan hukumomin Faskari da Sabuwa, duk a kudancin jihar Katsina.

2.0 Ma'anar Tattalin Muhalli

Idan aka ce muhalli, ana nufin duk abin da ya kewaye ɗan'adam, kamar ƙasa da ruwa da iska da tsirrai da dabbobi. Tattali kuwa shi ne amfani da abu cikin lura don kada ya ƙare ko ya lalace. Saboda haka tattalin muhalli shi ne mutum ya ɗebi abin da yake buƙata daga muhallinsa gwargwadon yadda muhallin zai iya mayar da gurbinsa. A shekarar 1987 wani kwamiti na Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙarƙashin shugabancin Gro Harlem Brundtland ta ƙasar Norway, ya fitar da rahoton da ya yayata wannan manufa a duniya, inda ya nuna cewa cigaba mai ɗorewa shi ne wanda ke biyan buƙatar mutanen yau ba tare da ya tauye ta 'yan baya ba. Bahaushe ya daɗe da sanin haka a aikace, domin manomin kirki ba ya cinye iri komai tsananin bazara.

3.0 Yanayin Yankin

Kudancin Katsina ya fi arewacinta samun ruwan sama. Wannan ne ya sa ake noma masara da dawa da auduga da waken suya a ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ana kai su manyan kasuwanni irin na Funtuwa da Ɗandume da Bakori. Haka kuma yankin yana da itatuwa masu amfani, kamar ɗorawa da kaɗanya da kuka da tsamiya da marke da ƙirya.

Sai dai abubuwa uku sun matsa wa wannan arziki lamba. Na farko shi ne ƙaruwar jama'a, wadda ta sa aka daina barin gona ta huta, gonar gandu kuma ta rarrabu zuwa ƙananan gayauni. Na biyu shi ne rashin tsaro. Yankin yana iyaka da dazuzzukan da suka haɗa Katsina da Zamfara da Kaduna, kuma a watan Disamba na 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Idan gona mai nisa ta gagara zuwa, sai kowa ya dawo kan ta bakin gari, itatuwan kusa da gida su sha gatari. Na uku shi ne tsadar rayuwa, musamman bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da faɗuwar darajar naira, wanda ya tayar da farashin takin zamani da siminti da iskar gas da kuɗin mota. A irin wannan hali, tattali ya zama hanyar rufin asirin gida.

4.0 Tattali a Rayuwar Yau da Kullum

4.1 Murhu da Itace

A ƙaddara wani magidanci ne a Mabai, yana da mata da 'ya'ya da gona da 'yan awaki. Wurin da gidansa ya fi cin daji shi ne madafa. Murhun duwatsu uku yana barin mafi yawan zafin wuta ya bi iska, kaɗan ne ke isa gindin tukunya. Idan uwargida ta gina murhun laka wanda ya kewaye tukunya, aka bar ƙofa ɗaya ta sa itace, zafin zai taru a wuri guda, damin itace ya ƙara kwanaki. Haka kuma jiƙa wake tun dare, da rufe tukunya, da busar da itace kafin a hura, duk suna rage abin da wuta ke ci. Amfanin wannan bai tsaya ga daji ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda yawancinta hayaƙin girki ne, ta yi sanadin mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma mata da ƙananan yara su suka fi zama kusa da murhu.

4.2 Gona da Itatuwa

Maigida kuwa aikinsa yana gona. A al'ada, lokacin sharar gona akan sassabe duk wani toho da ya fito daga kututture a ƙone shi. Manoman jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar sun sauya wannan ɗabi'a tun daga shekarun 1980, bayan farin da ya addabe su, da taimakon wani masanin noma ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo. Dabarar, wadda suke kira sassaben zamani, ita ce a zaɓi 'yan rassa mafi ƙarfi a kan kututture a bar su, a datse sauran. Da yake saiwar tsohuwa ce kuma ta yi nisa a ƙasa, tohon yakan girma da sauri fiye da dashe, ba ya kuma buƙatar ban ruwa. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 a kan kadada kusan miliyan 5 a kudancin Nijar. Idan ƙasar da ta fi Mabai ƙarancin ruwa ta yi haka, to manomin Mabai ya fi samun sauƙi. Rassan da yake datsewa kowace shekara su ne itacen girkin gidansa, ganyen da ke zuba kuma taki ne.

4.3 Juji da Taki

A gidan Bahaushe na da, abu kaɗan ne ake kira shara. Dusa ta dabbobi ce, harawa da ƙaiƙayi ma haka, karan dawa na danga ne da zana da makamashi, toka da kashin awaki kuma a tara su a juji, a kwashe da jaki ko amalanke zuwa gona kafin faɗuwar damina. Takin gida yana sa ƙasa ta riƙe laima, abin da takin zamani ba ya yi. Iyalin da suka haɗa su biyun sukan rage yawan buhunan da za su saya.

5.0 Tattali a Cefane da Sayayya

Kafin zuwan leda, mace takan aiki yaro kasuwa da ƙwarya ko kwando ko kwalba, mahauci kuma ya naɗe nama a ganye ko takarda. A yau tumatir da gishiri da mai da ruwan sha kowanne da ledarsa. Illar leda ita ce ba ta ruɓewa kamar ganye. Tana toshe magudanar ruwa, tana shiga taki ta tafi gona, akuya ko saniya kuma idan ta haɗiye ta sai ta dunƙule a tumbinta, dabbar ta yi ta rama har ta mutu ko a yanka ta da asara. Mahauta shaida ne a kan wannan. Saboda irin wannan ɓarna ƙasar Ruwanda ta haramta jakar leda a 2008, Kenya ma ta bi sahu a 2017. Iyali ba sai sun jira doka ba. Ya isa a ware jaka ɗaya ko kwando na cefane, da kwalba ta manja ko man gyaɗa.

Abu na biyu shi ne fifita abin da aka yi a gida. Daddawar kalwa da man kaɗe da kuka da kuɓewa busasshiya ba su hau mota daga nesa ba, kuma kuɗinsu yana komawa hannun matan garin. Bugu da ƙari, itacen da ke kawo kuɗi ba a yi masa gaggawar sara. Muddin ana sayen daddawa, ɗorawa tana da mai kare ta.

Abu na uku shi ne adana abin da aka saya. Randa tana sanyaya ruwa ne saboda ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa, yana tafiya da zafi. A kan wannan hikima wani malami daga jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da ɗanyen tsumma. Kayan miya sukan yi kwanaki a ciki ba su lalace ba, musamman da rani. Wannan aiki ya ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Daga ƙarshe, Bahaushe ya ce araha ba ta ado. Tocila mai cin batir kullum ta fi fitilar sola tsada idan aka yi lissafin shekara, kamar yadda fartanyar maƙerin gari, wadda ake iya mayar masa ya gyara, ta fi wadda za a yar.

6.0 Tattali a Gini da Gyaran Gida

Idan ɗaki ya tsufa, magidanci yakan tsaya tsakanin zaɓi biyu: ya rushe ya yi na bulo da kwano, ko ya gyara na ƙasa. Kowanne yana da amfaninsa da aibinsa.

Ginin ƙasa kayansa na kusa ne. Ana kwaɓa ƙasa da ciyawa a yi tubali, a yi rufi da azara, a yi yaɓe, sannan a shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina. Katangar ƙasa mai kauri tana jinkirta shigar zafi, shi ya sa soro yake da sanyi da rana, da ɗumi a daren hunturu. Ƙarkonsa kuwa a bayyane yake ga wanda ya ga hasumiyar Gobarau a Katsina, ko masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Aibinsa shi ne yana tsoron ruwa da gara, yana buƙatar yaɓe a kai a kai, azara kuma ta yi wuya domin giginya tana daɗewa kafin ta isa sara.

Bulo da kwano ba sa buƙatar gyara kowace shekara, amma ɗakin kwano marar silin yakan yi zafi ƙwarai a bazara. Siminti kuma sai an gasa dutsen farar ƙasa a zafin da ya kai kimanin digiri 1,450 kafin a same shi, sannan a ɗauko shi a tirela daga masana'antu irin na Sakkwato ko Obajana. Masana sun ƙiyasta cewa sarrafa siminti yana fitar da kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan'adam ke fitarwa, wadda ke ɗumama duniya.

Hanyar da ta fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi ita ce haɗa su. A yi harsashi da dutse da siminti, a ɗaga shi sama da inda ruwa ke kwanciya, a ɗora katangar tubali. Idan za a sa kwano, a bar bakinsa ya zarce katanga don ya kare ta daga feshin ruwa, a yi masa silin ko da na zana ne. A buɗe tagogi biyu masu fuskantar juna don iska ta ratsa. Kada a shafe katangar ƙasa da siminti zalla, domin ba sa kama juna, laima takan maƙale a tsakani har shafen ya ɓamɓare. Tsohuwar ƙasar da aka rushe a sake kwaɓa ta, azara da ƙyaure masu lafiya a mayar da su. A gyara indararo kafin damina, a tara ruwan rufi a randa ko tanki, a kuma dasa darbejiya ko mangwaro a gefen da rana ke faɗuwa, nesa kaɗan da katanga. Duk waɗannan tun farko ake tsara su, domin tun ran gini ran zane.

7.0 Matsaloli

Wannan tafarki yana da cikas. Talauci yakan tilasta wa mutum sayar da itacen gonarsa ga masu gawayi don ya biya kuɗin magani. Wanda ke noma gonar aro ko ta jingina ba ya da ƙwarin guiwar renon itacen da ba shi zai ci moriyarsa ba. Wasu kuma suna ganin ginin ƙasa alamar rashi ce, har magina na gargajiya suna rasa magada. Sannan iyalin da rashin tsaro ya raba da garinsu ba su da natsuwar dasa itace. Akwai shirye-shiryen hukuma, kamar na Babbar Katangar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Katsina ke cikin jihohin Nijeriya 11 da ya shafa. Amma dashen da ba shi da mai kula ba ya kai rani biyu, kuma mai kulawar na farko shi ne iyali.

8.0 Kammalawa

A wannan babi an bayyana ma'anar tattalin muhalli, an kuma nuna yadda iyali a yankin Mabai za su iya aiwatar da shi a madafa da gona da kasuwa da wurin gini. An ga cewa yawancin dabarun suna cikin al'adun Hausawa tun asali, wasu kuma gyara aka yi musu. Ya kamata ɗalibi mai shirin zama malami ya san sunayen waɗannan abubuwa da yadda ake yin su, domin idan sana'a ta ɓace, kalmominta ma sukan bi ta.

Tambayoyin Bita

1. Mene ne tattalin muhalli? Kawo misalai biyu daga al'adun Hausawa.
2. Yi bayanin sassaben zamani da dalilin da ya sa toho ya fi dashe saurin girma.
3. Kwatanta ginin ƙasa da na bulo ta fuskar amfani da aibi.
4. Ziyarci wani magini na gargajiya a garinku, ka rubuto sunayen kayan aikinsa guda 10 da amfanin kowanne.