Kamal Keila: Mawaƙin Sudan da faifansa ya fito bayan ya tsufa

Duk wanda ya taɓa kasa kaset a kasuwar Jibiya, ko Illela, ko Maigatari, ya san waƙar Sudan ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Mun sha ta a gidan biki, mun sha ta a motar haya. Amma akwai wani sashe na kiɗan ƙasar da bai taɓa isowa teburin mai kaset ba, domin tun can asali ba a buga shi don sayarwa ba.

A shekarar 2024 wata tsohuwar ƙungiyar makaɗa ta Ingila mai suna The Cure, wadda aka sani da waƙoƙin baƙin ciki, ta fitar da sabon faifai bayan shekara 16 ba ta yi ba, jaridu suka yi ta yayatawa. Su dai hutu suka yi suka dawo. A Khartum kuwa akwai dattijon da ya ƙare ƙuruciyarsa a fagen waƙa, amma sai 2018 ya riƙe faifan garmaho mai ɗauke da sunansa.

Sunansa Kamal Keila, ɗaya daga cikin taurarin abin da 'yan Sudan ke kira jaz, wato kiɗan jita da ganguna da ƙahonin Turawa wanda ya cika gidajen rawa na Khartum a shekarun 1960 da 1970. Masu sauraro kan kwatanta shi da James Brown na Amurka da Fela Kuti namu na Legas. Kasuwar wannan kiɗa ta fara mutuwa a 1983, lokacin da Shugaba Ja'afar Numeiri ya kafa dokokin da suka rufe mashaya da gidajen rawa, ta kuma ƙara durƙushewa bayan juyin mulkin Umar al-Bashir a 1989.

To ina waƙoƙin suka maƙale? A gidan rediyon Umdurman, wanda aka buɗe a 1940, inda 'yar uwarmu A'isha al-Fallatiya, mai tushen Hausa, ta zamo cikin matan farko da aka ji muryarsu. Al'adar gidan ita ce ya gayyaci mawaƙi ɗakin ɗaukar murya, ya naɗi waƙarsa, ya ajiye. Galibi ba a ba mawaƙin kwafi, don gudun kada ya je ya buga ya sayar. Mai karatu, ka duba wannan ciniki: kai ka saƙa zane, amma yana rumbun wani, ko ƙyalle ba ka da shi a gida.

Shi Keila ya yi sa'ar samun zare biyu na ɗaukar da aka yi masa a 1992. Kowanne waƙa biyar, ɗaya da Larabci, ɗaya da Turanci. A gidansa suka yi ta zama har suka yi fumfuna. Da Jannis Stürtz, Bajamushe mai kamfanin Habibi Funk na birnin Balin, ya ziyarce shi, aka ɗora zaren a na'ura, sai ga murya ta fito garau. Daga nan aka haɗa faifan da aka raɗa wa suna Muslims and Christians, wato Musulmi da Kirista.

Sunan kansa magana ce. A 1992 ana tsakiyar yaƙi tsakanin gwamnati da 'yan Kudu, shi kuwa yana kiran ɓangarorin biyu su zauna lafiya a ƙasa ɗaya. Waƙoƙin da suka taɓa siyasa da Turanci ya yi su, domin an fi sa wa na Larabci ido. Kafin faifan ya fito, Kudu ta riga ta ɓalle tun 2011.

Kamfanin yana raba ribar faifai biyu ne, rabi nasa rabi na mawaƙi ko iyalinsa. Mu da muka san yadda ake kwafar kaset ɗin Shata da Ɗan Maraya dubu-dubu ba tare da mai waƙa ya ga kwabo ba, ba za mu raina wannan ba. Haka kuma kamfanin ya fitar da tsofaffin waƙoƙin ƙungiyar The Scorpions a 2018, da na Sharhabil Ahmed a 2020.

Keila ya rasu a Janairun 2021, ƙasa da shekara uku da fitowar faifan. A Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum, dakarun RSF suka mamaye ginin rediyo da talabijin na Umdurman, inda taskar muryoyin nan take, sai a Maris 2024 sojoji suka ƙwato shi. Waƙoƙi goman nan dai sun riga sun fita, saboda zaren yana ɗakin mai su.