Masu Auna Gishirin Teku a Ƙarshen Duniya

Akwai masu sana'ar da ba sa kama kifi ko ɗaya, alhali rabin rayuwarsu a kan ruwa take. Aikinsu auna sanyi da gishirin tekun da ya kewaye Antaktika, can kudu inda ƙasa ta ƙare. Suna tafiya ne tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da mu muke fama da hunturu, su kuma da ƙyar rana ke faɗuwa a can.

Babban kayan aikinsu wani kejin ƙarfe ne mai ɗauke da kwalabe, galibi 24, da na'urar auna zafi, gishiri da zurfi. Ana zura shi da igiyar ƙarfe, wani lokaci fiye da kilomita 4 ƙasa, sannan a jawo shi sannu a hankali, kowace kwalba ta rufe bakinta a zurfin da aka so. Zurawa ɗaya takan ci sa'o'i. Idan kejin ya hau, sai a durƙusa ana tsiyayar ruwa da yatsun da suka ƙage. Wasu na'urorin kuma a ƙasan teku ake dasa su a tafi, sai baɗi a dawo nema, in dutsen ƙanƙara bai kwashe su ba.

Me ya sa ake wannan wahala? Idan ruwan teku ya daskare, gishirinsa yake zubarwa. Ruwan da ke ƙasa sai ya yi nauyi, ya nutse, ya bi ƙasan teku ya nufi arewa ɗauke da iskar shaƙa. Wannan na faruwa ne a 'yan wurare ƙalilan inda iska ke share sabuwar ƙanƙara kullum, fuskar ruwa ta zauna a buɗe. Wani lokaci abin da ke tsare buɗaɗɗen wurin shi ne dutsen ƙanƙarar da gindinsa ya kafe a ƙasa, yana tare ƙanƙarar da igiyar ruwa ke korowa. Mai noman rani a bakin madatsar Wasai ya san haka: dunƙulen laka ɗaya a bakin magudana shi ke yanke fangalin da zai sha.

A 1987 wani ƙaton dutse da aka sa wa suna B-9 ya ɓalle daga shimfiɗar ƙanƙara ta Ross. Wani yankinsa, B-9B, ya yi shekaru a kafe kusa da harshen ƙanƙarar Mertz. A Fabrairun 2010 ya motsa, ya daki harshen, ya karya wani yanki mai tsawon kusan kilomita 78. Harshen nan shi ne katangar da ke tare ƙanƙara a wurin, ga shi ta tafi. A farkon 2011 jirgin Ostireliya, Aurora Australis, ya isa wurin da tawagar masu bincike ƙarƙashin Steve Rintoul, suka tarar gishirin ruwan ya ragu. Shi kuwa B-9B ya je ya sake kafewa a mashigin Commonwealth, ƙanƙara ta cunkushe a bayansa. A wannan yankin ne jirgin Akademik Shokalskiy ya maƙale a Disamban 2013, sai da jirgi mai saukar ungulu aka kwashe fasinjoji 52.

Ina ganin manomin gero a Kunya ko Minjibir yana da haƙƙin sanin waɗannan mutane. Damunarmu daga teku take tasowa, kuma bincike ya danganta farin shekarun 1970 da 1980 da sauyin ɗumin tekuna. Ba dutsen ƙanƙara ɗaya ke hana mu ruwan sama ba, amma lissafin yanayi na shekaru masu zuwa yana dogara da alƙaluman da ake tsiyayowa daga waɗannan kwalabe.

Sana'ar tana son haƙuri fiye da kima. Dutsen A23a ya ɓalle daga shimfiɗar Filchner a 1986, ya kafe a tekun Weddell sama da shekara 30, sai a 2020 ya soma tafiya. Cikin masu binciken da suka ɗebi ruwa a gefensa a Disamban 2023 akwai ɗaliban da ba a haife su ba sa'ad da ya ɓalle.