Kwalastarol Mai Amfani: Alama Ce Ko Magani?

Duk wanda ya karɓo takardar gwajin kitsen jini daga asibiti zai ga LDL da HDL a jere. LDL ne ke jibge kwalastarol a bangon jijiya har hanyar jini ta ƙuntata, abin da ke kai mutum ga bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Shi kuwa HDL aikinsa irin na mai yashe kwata ne: yana kwaso kitsen daga bangon jijiya ya kai wa hanta, ita kuma ta fitar da shi ta ruwan maɗaciya. Shi ya sa ake ce masa mai amfani.

Binciken da aka fara a garin Framingham na Amurka a 1948 ya nuna cewa masu ƙarancin HDL sun fi kamuwa da ciwon zuciya. Likitoci kan ɗauki ƙasa da 40 ga namiji, ko ƙasa da 50 ga mace, a matsayin ƙaranci. Daga nan aka yi zaton duk maganin da ya ɗaga HDL zai wanke jijiya.

Zato dai zunubi. Kamfanin Pfizer ya yi wani magani, torcetrapib, wanda ya ɗaga HDL sosai, amma a Disambar 2006 aka dakatar da gwajinsa saboda masu shan sa sun fi mutuwa. Sinadarin niyasin ma ya ɗaga shi ba tare da rage bugun zuciya ba ga masu shan maganin rage LDL. A wani ƙauyen Italiya kuma, Limone, an samu wasu dangi masu HDL kaɗan ƙwarai amma jijiyoyinsu garau, saboda wani nau'in furotin da suka gada. Ashe ƙwazon HDL wajen kwasar kitse ya fi yawansa muhimmanci.

Saboda haka ƙarancin HDL gargaɗi ne, galibi yana tafe da teɓa, ciwon suga, shan taba da yawan zama. Daina taba, tafiyar ƙafa kullum da rage tumbi suna ɗaga shi, suna kuma kare zuciya. A rage man shanu da kitsen nama, a riƙa cin wake, kifi da ganye. Ga wanda jijiyarsa ta riga ta fara toshewa, abin da aka tabbatar yana ceton rai shi ne sauke LDL da magungunan statin, tare da kula da hawan jini. Kada kyawun HDL a takarda ya sa kowa ya ajiye maganin da likita ya rubuta masa.