YARON DA AKE CE WA BA YA JI

Yau maganarmu a kan kunnen yara ce, musamman waɗanda suka isa shiga makaranta, ko ta allo ko ta boko.

A bakin Bahaushe, in an ce yaro ba ya ji, ana nufin ɗayan abu uku. Ko dai kunnensa ne ba ya kama magana, ko ya kama amma bai gane ba, ko kuwa taurin kai gare shi. Mu iyaye da malamai kullum na ukun nan muke fara zato. Sai a ce kunnen ƙashi ne, a jawo bulala, wai jiki ya fi kunne ji. To, ku dakata. Da yawa cikin yaran da ake duka saboda rashin ji, ba da gangan suke yi ba. Lalura ce gare su.

YADDA MAGANA KE SHIGA

In mutum ya yi magana, sautin yakan bi ramin kunne har ya bugi wata 'yar fata mai kama da fatar ganga, watau dodon kunne. A bayan fatar akwai 'yan ƙasusuwa 3 ƙanana, su ke miƙa motsin zuwa can ciki, wurin wani abu mai siffar katantanwa cike da ruwa. Daga nan jijiya ta kai saƙo ga ƙwaƙwalwa. Ashe kunne ɗan aike ne kurum. Ƙwaƙwalwa ita ce mai gida, ita ke tantance abin da aka kawo. Saboda haka matsala tana iya zama wurin ɗan aiken, tana kuma iya zama wurin mai gidan.

IN LAIFIN KUNNE NE

Abin da ya fi lalata jin yara a ƙauyukanmu shi ne ciwon kunne. Akwai wata 'yar hanya da ta haɗa maƙogwaro da bayan dodon kunne. In yaro ya yi mura, hanyar takan toshe, ruwa ya taru a ciki, yaro ya riƙa jin magana kamar an tusa masa auduga. Wani lokaci babu ko zafi. In ruwan ya zama mugunya, yakan huda dodon kunne ya riƙa zubowa. Kada ku ce ai ruwan kunne ne na yara, ya warke don kansa. In ya kai kwana 14 yana zuba, ya zama daɗaɗɗe.

Bayan wannan akwai ƙyanda, da hangum, da shawara mai tsanani ga jariri, da sanƙarau. Manyanku ba su manta da annobar sanƙarau ta 1996 ba, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. Cikin yaran da suka tashi, waɗansu sun tashi kurame. Haka kuma waɗansu allurai masu ƙarfi, irin su gentamicin, suna kashe ji in aka yi su barkatai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen kashi 60 cikin 100 na rashin jin yara abu ne da za a iya hana aukuwarsa.

IN KUNNE LAFIYA AMMA BA A GANEWA

Ga wata lalura kuma wadda ba kowa ya san ta ba. Akwai yaron da in aka auna kunnensa sai a ga lafiya lau, ko allura ta faɗi yana ji, amma magana takan cakuɗe masa. Tun a 1954 wani masani a Amurka, Helmer Myklebust, ya jawo hankalin likitoci ga irin waɗannan yara. Ku kwatanta da akwatin rediyo sa'ad da tasha biyu suka hau kan juna. Ƙara na fita, amma ba ka iya tsince labarin.

Irin wannan yaro za ku gane shi da alamu kamar haka. Yana yawan cewa "Na'am?" ko "Me aka ce?" Ku biyu a ɗaki shiru yana gane maganarka sarai, amma cikin aji ko kasuwa sai ya rikice. Ya kan musanya kalmomi masu kama da juna, kamar kaza da gaza, ko gashi da kashi. In ka aike shi ka ce ya sayo gishiri da daddawa, ya kuma biya ya karɓo kwano, sai ya komo da abu ɗaya. Shifta da hadda suna ba shi wuya, amma in aka nuna masa aiki da hannu, nan da nan ya iya. An fi ganin wannan ga yaran da suka sha ciwon kunne suna ƙanana, da bakwaini, da waɗanda suka bugu a ka, da waɗanda gubar dalma ta taɓa, irin wadda ta auku a ƙauyukan masu haƙar zinariya na Zamfara a 2010. Ku lura, wannan ba daƙiƙanci ba ne, ba kuma aikin iskoki ba.

GWAJI A GIDA

Ka sami wuri shiru. Ka tsaya bayan yaro, tsakaninku tsawon hannu, don kada ya ga bakinka. A toshe masa kunne ɗaya da yatsa. Ka faɗi kalmomi da raɗa, kamar doki, tara, masara, shi kuma ya maimaita. Sa'an nan a juya ɗaya kunnen. In ya kasa, ka kawo shi ɗakin magani a duba, wataƙila ma dauɗa ce ta toshe. In ya ci gwajin amma alamun nan suna nan, a nemi takarda zuwa babban asibiti wurin likitan kunne. A Kaduna akwai cibiyar gwamnati ta musamman domin ciwon kunne. Gwajin ganewar magana ba a cika yin sa ba sai yaro ya kai wajen shekara 7.

ABIN DA ZA KU YI

Ku iyaye, kada a sa tsinke, ko gashin kaza, ko man ja, ko ruwan ganye a kunnen yaro. In yana zuba, a murɗa ƙyalle mai tsabta kamar lagwani a tsane shi sau 3 a yini, a kuma zo a karɓi magani. In bayan kunne ya kumbura yana zafi, ko yaro na zazzaɓi wuyansa ya sandare, a tafi asibiti a ranar, kada a kwana. Ku kai yara rigakafin ƙyanda da na sanƙarau. Kada kuma a mari yaro a kunne, gama mari ɗaya yana iya fasa dodon kunne.

Ku malamai, babu ƙwaya ko allurar da ke warkar da cakuɗewar magana. Maganinta yana hannunku. Ku zaunar da yaron a gaba, nesa da taga da ƙofa. Ku kira sunansa, ya dube ku, kāna ku yi magana. Kada ku yi bayani kuna fuskantar allo. Ku yi magana a hankali, ba da tsawa ba, domin tsawa ƙara dagula sauti take yi. Ku ba shi umarni ɗaya ɗaya, ku sa ya maimaita da bakinsa. Abin da kuka faɗa, ku rubuta ko ku nuna. A makarantar allo, inda kowa ke karatu da ƙarfi, malam ya ja shi gefe ya biya masa shi kaɗai.

Yaron da aka gane lalurarsa da wuri yakan yi karatu kamar kowa. Wanda aka bari da bulala kuwa yakan tsani makaranta, har ya gudu. Saboda haka kafin ka ce ɗanka ba ya ji, ka tabbata wane ji kake nufi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba mu lafiya, ya raya mana zuriya.